Lirwanu Mai Hoto da Shuɗin Ƙwaron Lambara

A Boɗinga, duk wanda ya taɓa neman takardar da ake manna wa hoto, akwai yiwuwar Lirwanu ya taɓa ce masa ya ɗaga haɓa. Shekara ashirin da shida ke nan yana ɗaukar hoton fasfo a wani shago mai faɗin tabarma biyu, bayan layin masu ɗinki. Kayan aikinsa ba su da yawa: kyamara, benci, farin labule a bango, da wata baƙar kwat guda ɗaya wadda duk mai neman aikin gwamnati a yankin ya taɓa sawa, mai ƙiba da siriri. Akwai ofisoshin da in ka buɗe fayilolinsu za ka rantse tela ɗaya ne ya yi wa ma'aikatan ɗinki, kuma bai auna kowa ba.

Ɗan tela ne. Ubansa ya zaunar da shi a kan keke yana ɗan shekara goma sha uku, ya kuma tashe shi yana ɗan sha biyar, ranar da ya ɗinke wa wani liman aljihun riga ta ciki da waje. Daga nan aka tura shi Sakkwato wurin wani mai hoto, ya yi shekara huɗu yana wanke fim a ɗaki mai duhu, ya dawo gida da tsohuwar kyamara da kuma maganganu uku da suka ishe shi rayuwa: ɗaga haɓa, kada ka ƙyafta, dawo bayan la'asar. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Matarsa Rashida takan ce ko a gida da wuya ya ƙara ta huɗu.

Ita Rashida ɗiyar Malam Garba ce na Lambara, manomin albasa da ake zancensa har kasuwar Shagari. Malam Garba yana da ma'auni guda na sana'a: in an shafa tafin hannunka ba a ji kanta ba, to zaman jira kake yi, ba aiki ba. Ya ba Lirwanu aure saboda ubansa mutumin kirki ne, amma bai taɓa yarda cewa latsa maɓalli aiki ne ba. In aka tambaye shi me surukinsa ke yi, sai ya ce, "Shina Boɗinga." Shekara goma sha tara amsar ba ta canza ba. Bai taɓa zama a bencin shagon ba. Lirwanu bai taɓa cewa abin ya dame shi ba, sai dai duk sallah yakan je gaisuwa Lambara da kyamara a rataye a wuya, ya durƙusa nesa da tabarmar surukinsa, ya gama gaisuwa, ya dawo da ita ba a ce masa ya buɗe ta ba.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, sai shagon ya koma wurin hutawa. Bikin suna da na aure duk suka fita hannunsa, aka bar masa fasfo, shi ma don kwat ɗin. Wani a matsayinsa da sai ya koma sayar da katin waya. Lirwanu ya koma kallon tururuwa. Ya karɓi wani gilashin ƙara girma wurin Maniru mai gyaran agogo, ya ɗaure shi a gaban idon kyamara da salatef, ya shiga bin ƙananan halittu a gindin bango. A nan ya gano cewa tururuwa tana da gashi a ƙafa, kuma ba ta jin a ce mata kada ta motsa.

Matsalarsa ita ce filasha, wato fitilar nan da ke walƙiya a saman kyamara. In bai kunna ta ba, hoton ya fito baƙi ƙirin. In ya kunna, da yake abin da yake ɗauka bai fi ɗan yatsa nesa da gilashi ba, sai hasken ya wanke komai, hoton ya fito kamar bangon da aka shafe da farar ƙasa. Ya yi wata biyu a haka. Ran nan da azahar yana kallon wata mai fura a ƙarƙashin rumfar buhu, sai ya lura fuskarta ta fi fitowa sarai a kan ta mai rake da ke tsaye a rana. Haske ɗaya ne, amma wanda ya ratso buhu ya yi laushi. Ya zauna ya yi tunani, ya yanke cewa filasha ma tana bukatar malafa.

Ya sayi ƙoƙo madaidaici, ya huda gindinsa daidai kan filasha. Ya bi masu shayi uku ya tattaro takardar azurfa ta cikin kwalin ganye, ya lulluɓe cikin ƙoƙon da ita don hasken ya yi ta karo yana dawowa. A bakin ƙoƙon ya shimfiɗa wani yanki na tsohuwar singiletinsa, ya ɗaure da robar tayar keke, ya karkato shi ya leƙo gaban gilashi. Da ya haɗa, kyamarar ta yi kama da mai tallar da ta yi tuntuɓe. Amma hoton farko da ya ɗauka ya nuna idon ƙuda ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma. Ya nuna wa Maniru. Maniru ya duba ya ce, "To, wa za ya saye?" Ba wanda ya saya. Malafar ta yi shekara ɗaya tana aiki, singiletin yana ta shan gumin hannu da maiƙon ƙosai.

Sai wata shekara, albasar Malam Garba ta kai wata biyu da dashe, ganyenta ya fara yin fari-fari kamar an goge shi da toka, bakinsa yana ƙonewa. Malam Garba ya yi feshi sau biyu da maganin da mai shago ya ba shi, mai shagon da bai taɓa ganin gonar ba amma ya tabbatar masa da aikin maganin. Ganye ya ci gaba da bushewa. In ka buɗe wuyan albasa za ka ga wasu ɗigo-ɗigo suna gudu, ƙanana ta yadda ido ba ya iya faɗin ko launinsu. Malamar gonar da ke zagaya ƙauyukan, Malama Ilham, tana Zariya wajen kwas. Ta ce a turo mata hoto ta waya. Aka tura mata hoto bakwai. Ta ce ta ga yatsan Malam Garba ƙwarai, lafiyarsa lau, amma ba ta ga ƙwaro ba.

Mutum ba ya roƙon surukinsa kai tsaye, balle Malam Garba. Saƙon ya bi hanyarsa: ya faɗa wa matarsa Inna Tani yana kallon bango, Inna Tani ta kira Rashida, Rashida ta ajiye wa Lirwanu tuwo ta ce, "Baba ya ce wai ko abin nan naka na wasa shina ganin ƙanƙanen abu."

Lirwanu ya ajiye lomar da ya ɗauka. Shekara goma sha tara yana jiran wannan saƙo, ko da yake bai zaci da kalmar wasa zai zo ba. Ya ce, "Gobe."

Da yammacin ranar ya fita aski. Rashida ta ɗauki kyamarar za ta sa a jaka, sai ta ga ƙyallen bakin ƙoƙo. Ta riƙe shi da yatsa biyu. Wannan tsumman ne za a kai gaban ubanta, mutane su gani su ce mijin nan ba shi da mata a gida? Ta kwance shi, ta wanke da sabulu sau biyu, ta tsoma shi a ruwan bula kamar yadda ake yi wa duk farin tufa mai mutunci, kuma da yake ranar babba ce ta ƙara bular ba ƙyashi. Ta sa sitaci, ta shanya, ta goge, ta mayar ta ɗaure. Da Lirwanu ya dawo ya ga malafarsa tana ƙyalli kamar hular ango. Ya ce, "An gode." Rashida ta lissafa wannan a matsayin magana ta huɗu.

Da hantsi ya isa fadamar Lambara a kan babur. Ya cire takalma tun daga kunyar farko, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana. Ya sanyi, ya aiki?"

"Lahiya lau. Aiki ga shi nan ka gani," in ji Malam Garba, yana kallon ƙoƙon. "Wanga hwa? Hura za mu sha?"

"Malafar fitila ta, Baba."

"Fitila da malafa. To, Allah shi kyauta."

Ba a ɗaukar irin wannan hoto a tsaye. Dole Lirwanu ya kwanta rub da ciki a cikin laka, a gaban surukinsa, sanye da rigar da ya yi sallah da ita. Ya buɗe wuyan albasa da tsinke, ya kifa ƙoƙon, ya riƙe numfashi. Ya ce wa ƙwaron kada ya ƙyafta, don bakinsa ya saba. Sau goma sha ɗaya yana latsawa kafin ɗaya ya tsaya. Da ya duba bayan kyamara, sai ga halitta ta cika fuskar gilashi: doguwa, mai ƙafa shida, da fukafukai masu geza kamar bakin tabarma. Kuma shuɗiya ce, shar, kamar ta fito daga marina.

Malam Garba ya karɓi kyamarar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe kai na ka ci mini albasa." Ba da Lirwanu yake ba.

Lirwanu ya juye hoton a waya ya tura Zariya. Kafin azahar Malama Ilham ta aiko da saƙon murya, aka kunna a gindin mangwaro, manoma shida suna saurare. Ta ce hoton ya yi kyau fiye da na littafinsu. Ta ce ƙirar jikin ta wani ƙwaro ce da ta sani sarai, amma shi ba shuɗi ba ne, kuma ba ta taɓa ganin shuɗinsa ba. Ta ce kada a sake fesa komai sai ta nuna wa malamanta, a kuma ƙaro mata hotuna.

"Kun ji ko?" in ji Malam Garba. "Har Zariya ba su san shi ba."

Kwana uku Lirwanu yana zuwa yana kwanciya a laka. A kwana ukun nan albasa ta ci gaba da ƙonewa, mai ita kuwa ya yi ƙiba. Mutane suka fara zuwa daga ƙauyen Mandera don kallon hoton, wanda Lirwanu ya wanko masa a takarda babba. Malam Garba yakan zaro shi daga aljihu a hankali, ya hana yara taɓawa. Ya daina cewa ƙwaron, ya koma cewa ƙwarona. Wani maƙwabcinsa ya ce shi ma gonarsa akwai irinsa, Malam Garba ya ce a'a, nasa dai na gama-gari ne. Kuma a rana ta uku, wani baƙo ya tambayi wanda ya ɗauki hoton, sai Malam Garba ya nuna laka da haɓa ya ce, "Surukina na. Mai hoto na, babba, Boɗinga." Lirwanu yana kwance ya ji. Ya latsa maɓalli ba tare da ya saita komai ba, ya ɗauki hoton ƙasa.

A rana ta huɗu ne Malam Garba ya ce a ɗauki babban yatsansa riƙe da ganyen, don mutanen Zariya su san mai gonar. Lirwanu ya kifa ƙoƙo, ya latsa, ya duba. Farcen da ke gabansa ja ne, ya sha goro shekara hamsin. Farcen da ke cikin kyamara kuwa ya yi shuɗi-shuɗi kamar na mai rini.

Ya dubi farce, ya dubi hoto. Ya kai hancinsa bakin ƙoƙon ya shinshina. Sitaci. Ya ɗaga ƙyallen ya kalli rana ta cikinsa, ranar Lambara ta koma launin rigar 'yan makaranta. Ashe kwana huɗu yana yi wa ƙwari wanka da bula.

"Ya hito?" in ji Malam Garba.

"Bai hito ba, Baba. Hannuna ya motsa."

Ya koma gefen rijiya ya zauna. Lissafin bai da wuya. In ya yi shiru, zai ci gaba da zama mai hoto babba na Boɗinga, malaman Zariya su ci gaba da buɗe littattafai, albasa kuma ta ƙarasa mutuwa cikin daraja. In ya yi magana, ƙwaron Malam Garba zai koma na gama-gari a gaban mutanen Mandera, shi kuma ya koma shina Boɗinga, wataƙila har ƙarshen rayuwa. Ya kalli kunyoyin. Tun zuwansa na farko farin ganyen nan ya ƙara cin layi biyu. Ya tashi, ya ɗauki takalmansa, ya nufi cikin gari.

Ba a gaya wa suruki ya yi kuskure a gaban jama'a, ko da kai ne ka sa shi. Don haka saƙon ya bi hanyar da ya zo. Ya tarar da Inna Tani tana tankaɗe, ya durƙusa a bakin zaure ya faɗa mata komai, ya yi ƙoƙarin kada sunan Rashida ya fito.

Inna Tani ta ajiye rariya. "Wa ya wanke ƙyallen?"

Lirwanu ya kalli ƙasa.

"Ni na koya mata," in ji ta. "Kuma daidai ta yi. Kai ma da kunya ka kawo tsumma gidan surukai. To yanzu mi kake so?"

"Hwarin ƙyalle, Inna. Wanda bai taɓa ganin bula ba."

A nan aka gane irin tsaftar matan Lambara. Aka fito da mayafi, da zanin gado, da tsohon rawani, da rigar jariri. Lirwanu yana ɗaga kowanne ya kalli rana, kowanne da shuɗinsa. Aka aika gidaje huɗu. Wata maƙwabciya ta ji haushin tambayar, ta ce a faɗa wa mai neman ita ba ƙazama ba ce. A ƙarshe Inna Tani ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta shiga madafa, ta fito da ƙyallen da take tace kamun koko. Shi kaɗai ne a gidan aka hana bula, don kada jikoki su sha.

"Ka maido mini shi kahin la'asar," in ji ta. "Baban naku kuwa bar ni da shi."

Ta riga shi zuwa gonar, ta kira mijinta gefe kamar za ta yi masa zancen cefane. Lirwanu bai ji abin da ta ce ba. Ya dai ga Malam Garba ya dafa aljihun da hoton yake, ya kuma ce wa baƙin Mandera rana ta yi, su je su huta.

Lirwanu ya ɗaura ƙyallen koko, ya kwanta, ya latsa. Ƙwaron ya fito da ƙafafunsa shida da gezarsa, launin dusa. Ya tura. Saƙon Malama Ilham ya zo da sauri, rabinsa dariya ce. Ta ce wannan ai shi ne wanda ke kowace gonar albasa in zafi ya fara. Ta ce yana ɓuya ne a can cikin wuya, shi ya sa feshin sama bai same shi ba. Ta faɗi maganin da za a canza, da yadda za a sa bakin famfo, da lokacin yi, ta ce a ƙara ban ruwa. Ta kuma roƙi a ajiye mata shuɗin hoton, wai wani malaminsu ya riga ya fara neman sunan da zai raɗa masa.

Malam Garba ya saurara har ƙarshe. Da Lirwanu ya durƙusa yin sallama, Malam Garba ya ce, "A gaida gida," yana kallon wani wuri.

A gida Rashida ta ji labari ta ce ita ba ta ga laifinta ba, kuma ko gobe ta ga tsumma za ta wanke. Lirwanu ya yarda. Ya sayo ƙyallen tata sabo, ya rubuta a jikin ƙoƙon da biro: ba a wankewa.

Albasa ta farfaɗo, ban da layi huɗu na gefen rijiya. Aka cire, aka shanya, motoci suka zo suka ɗauka. Daga Lambara ba saƙo, ba godiya, ba ƙorafi. Lirwanu ya koma wa tururuwarsa, ya ɗauka magana ta ƙare a inda ta saba ƙarewa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ƙofar shagon ta yi duhu. Malam Garba ne, cikin farar riga da ta sha bula har tana ɗaukar ido, bayansa mai kura ya sauke buhun albasa. Lirwanu ya zube ƙasa. Malam Garba ya amsa gaisuwa, ya dubi shagon daga rufi zuwa daɓe, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya zauna a benci.

"Ƙungiyar manoma sun ce a kawo hoto huɗu."

Lirwanu ya miƙo kwat. Malam Garba ya dube ta kamar an miƙo masa jaki ya riƙe, aka mayar da ita ƙusa. Lirwanu ya ɗaga kyamara, ya leƙa. Haɓar surukinsa tana kan ƙirji, gemu ya rufe wuyan riga. Maganar da ya faɗa wa rabin Boɗinga ta zo masa baki ta tsaya. Ya sauke kyamara. Ya sake ɗagawa. Ya yi gyaran murya.

"Mi an na?" in ji Malam Garba.

"Baba, da za a ɗan... haɓar..."

"Kai, yi aikinka. Mutum na wurin aikinai shina jin kunya?"

Lirwanu ya gyara tsayuwa. Sannan ya ce, da muryar da yake yi wa kowa, "Ɗaga haɓa. Kada ka ƙyafta."

Malam Garba ya ɗaga, bai ƙyafta ba. Da aka gama ya miƙe, ya laluba aljihu, ya zaro wata takarda da ta fara laushi saboda ninki. Shuɗin ƙwaron ne.

"Wanga ya fara yagewa," in ji shi. "Ka wanko mini wani. Babba."

"Baba, akwai na gaskiyar, mai launin dusa."

"Na gane shi. Wancan kowa na da shi."

Lirwanu ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ce a dawo bayan la'asar.